Guguwar Katrina a Idon Kyamara: Tambayoyi da Amsoshi kan Finafinan da Suka Bi Sawun Waɗanda Suka Tsira

A ƙarshen watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta afka wa kudancin Amurka, kuma tun daga lokacin masu shirya finafinan labarin gaskiya, waɗanda ake kira dokumentari, ba su daina komawa birnin New Orleans da kyamarorinsu ba. Wannan shafi ya tattara tambayoyin da mai kallo kan yi game da waɗannan finafinai da kuma mutanen da ke magana a cikinsu.

Wace irin guguwa ce Katrina, kuma me ya faru a New Orleans?

Kalmar guguwa tana iya ruɗar mai karatu, domin abin da muka saba kira da wannan suna shi ne iskar da ke murɗa ƙura da yayi a tsakar rani ta wuce cikin ƙiftawar ido. Katrina mahaukaciyar iska ce da ke ƙulluwa a kan teku mai ɗumi, faɗinta ya kai ɗaruruwan kilomita, tana ɗauke da ruwan sama, tana kuma tura ruwan teku a gabanta zuwa kan tudu. Ta ratsa jihar Florida ranar 25 ga Agusta, ta ƙara ƙarfi a Mashigin Tekun Meziko har ta kai mataki na 5, wanda shi ne ƙololuwa, da iska mai gudun kilomita 280 a awa guda. Lokacin da ta sauka a gaɓar jihar Louisiana da safiyar Litinin 29 ga Agusta ta riga ta ragu zuwa mataki na 3, kuma tsakiyarta ta ɗan kauce wa New Orleans ta bi ta gabas, har wasu suka fara cewa birnin ya sha.

Sai dai New Orleans birni ne mai siffar ƙwarya, yana zaune tsakanin kogin Mississippi da tafkin Pontchartrain, kusan rabinsa kuma yana ƙasa da matakin teku, abin da ke tsare shi kawai shi ne ganuwar ƙasa da katangun kankare da aka gina a bakin mashigan ruwa. Waɗannan katangu ne suka ɓalle a wurare fiye da 50, ruwa ya kwararo ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, aka ɗauki kimanin makonni shida kafin a gama zuƙe shi. An daɗe ana ambaton 1,833 a matsayin adadin waɗanda suka rasu, amma a 2023 cibiyar kula da guguwa ta ƙasar ta sake lissafi ta mayar da shi 1,392. An ƙiyasta asarar dukiya a kan dala biliyan 125.

An yi gargaɗi tun kafin guguwar ta iso, to me ya sa dubban mutane ba su fita ba?

Wannan ita ce tambayar da waɗanda suka tsira suka fi jin zafinta, kuma kusan kowane fim ya amsa ta. Ana cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, amma hakan sai ga wanda yake da abin hawa da guzuri. Magajin garin, Ray Nagin, bai ba da umarnin ficewa na dole ba sai ranar Lahadi 28 ga Agusta, ƙasa da kwana guda kafin guguwar ta sauka, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen birnin ba su da mota, kuma ba a tanadi motocin da za su fitar da su daga garin ba. Ga shi ƙarshen wata ne, aljihun talaka ya bushe, babu kuɗin mai balle na masauki. Wasu kuma sun tsaya ne saboda tsohuwar da ba ta iya tafiya ko majinyacin da ba zai jure wa sa'o'i a cikin cunkoson mota ba. Binciken da aka yi a kan mamatan Louisiana ya nuna kusan rabinsu masu shekara 75 ne zuwa sama. Waɗanda suka rasa hanyar fita an ce su tafi babban filin wasa mai rufi na Superdome, inda mutum fiye da 25,000 suka taru, wuta ta ɗauke, bandakuna suka toshe, iska kuma ta yaye wani sashe na rufin.

Wane fim ne aka fi ambata idan ana maganar Katrina?

Shi ne When the Levees Broke, wato lokacin da ganuwar ta ɓalle, na Spike Lee, wanda tashar HBO ta nuna a Agustan 2006, shekara guda bayan bala'in. Tsawonsa awa huɗu ne, an kasa shi kashi huɗu, kuma mai shirya shi ya kira shi waƙar makoki. Babu mai sharhi da ke jagorantar mai kallo a cikinsa, mutanen ne da kansu ke zaune gaban kyamara suna faɗin abin da suka gani, tun daga magajin gari da gwamnar jihar ta lokacin, Kathleen Blanco, har zuwa injiniyoyi da masana tarihi da makaɗa da matan unguwa. Wannan tsari shi ne ƙarfin fim ɗin, domin maganar mai mulki da ta mai shara an jera su a tabarma ɗaya, mai kallo ne zai auna wadda ta fi kama hankali.

Akwai wurare biyu da ba sa fita daga ran wanda ya kalle shi. Ɗaya shi ne labarin mutumin da mahaifiyarsa mai shekara 91 ta cika a kan keken guragu a ƙofar babban zauren taro na birnin, suna jiran motocin da ba su zo ba, ya rubuta sunanta da lambarsa a takarda ya bari a jikinta, aka tilasta masa hawa mota ya tafi ya bar gawar a can. Na biyu shi ne inda mai busa ƙaho Terence Blanchard, wanda shi ne ya tsara kiɗan fim ɗin, ya raka mahaifiyarsa gidanta karon farko bayan ruwa ya janye, tsohuwar ta leƙa ta ga abin da ya rage na ɗakunanta ta fashe da kuka. A ƙarshe kowane mai magana yana riƙe da firam ɗin hoto a gaban fuskarsa yana faɗin sunansa da unguwarsu, abin da ke da ma'ana ga mutanen da duniya ta gani a talabijin a matsayin taron da ba shi da suna. Fim ɗin ya sami lambobin yabo na Emmy guda uku da kuma ta Peabody.

Shin guguwar ce ta cinye birnin, ko kuwa sakacin mutane?

A nan ne finafinan suka haɗu a kan magana ɗaya duk da bambancin masu shirya su: iska ta yi ɓarna, amma aikin hannun ɗan Adam ne ya nutsar da New Orleans. Rundunar Injiniyoyin Sojan Amurka ce ta tsara kuma ta gina katangun, bisa izinin da majalisa ta ba ta bayan guguwar Betsy ta 1965, kuma shekara 40 bayan haka aikin bai kammala ba. A mashigin ruwa na Titi na 17 da na London Avenue ruwa bai ma kai saman katangar ba ta faɗi, saboda ƙarafan da aka kafa a gindinta ba su yi zurfin da ya kamata ba a cikin ƙasa mai taushi. A watan Yuni na 2006 rundunar da kanta ta amsa cewa akwai kurakurai a zanen aikin. Amsa laifin bai amfani masu gidaje da komai ba, domin wata doka ta 1928 ta kare gwamnatin tarayya daga biyan diyyar ambaliyar da ta samo asali daga irin waɗannan ayyuka, kotu kuma ta yi aiki da ita.

Fim ɗin da ya fi zurfafawa a wannan fanni shi ne The Big Uneasy na Harry Shearer, wanda ya fito a 2010. Ya bi masu bincike irin su Ivor van Heerden na Jami'ar Jihar Louisiana, wanda ya rasa aikinsa bayan ya yi ta sukar rundunar a fili, da Robert Bea na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, da wata injiniyar rundunar, Maria Garzino, wadda ta tona cewa famfunan zuƙe ruwa da aka girka bayan bala'in suna da matsala. Ya kuma yi bayanin wata hanyar jiragen ruwa da aka haƙa daga teku zuwa birnin, wadda ta shigo da ruwan gishiri ya kashe dausayin da ke rage ƙarfin igiya, aka rufe ta a 2009. Fim ne da ba shi da hawaye da yawa, amma wanda bai kalle shi ba zai ci gaba da ɗaukar abin a matsayin ikon Allah kawai, alhali a watan Yuli na 2004 hukumomi sun yi atisaye a kan wata guguwa ta ƙirƙira da suka sa wa suna Pam, wadda ta hango kusan duk abin da ya faru.

Akwai kuma zargin da wasu mazauna unguwar Lower Ninth Ward suka yi a fim ɗin Spike Lee, cewa sun ji ƙarar fashewa, kuma da gangan aka fasa ganuwar don a ceci unguwannin masu kuɗi. Binciken injiniyoyi bai tabbatar da haka ba, an kuma soki Lee da ba wa zargin fili. Sai dai ruwa ba ya tsami banza: a lokacin ambaliyar 1927 an sa nakiya an fasa ganuwar kogi a Caernarvon da ke kudu da birnin, aka nutsar da gidajen talakawan karkara don a kare New Orleans. Fim ɗin ya kawo wannan tarihi a gefen zargin, kuma a ganina ya yi daidai da ya bar mai kallo ya ji dalilin da zai sa jama'a su yarda cewa gwamnatinsu za ta iya yi musu haka.

Akwai fim ɗin da waɗanda abin ya shafa suka ɗauka da hannunsu?

Akwai, kuma shi ne Trouble the Water na 2008, wanda Tia Lessin da Carl Deal suka shirya. Ginshiƙinsa bidiyon da Kimberly Rivers Roberts ta ɗauka ne, matashiya mai shekara 24 da ke burin zama mawaƙiya, wadda ta sayi kyamarar hannu a titi kan dala 20 ba da daɗewa ba kafin guguwar. Ita da mijinta Scott ba su da motar fita, sai ta zaga unguwa tana hira da maƙwabta da yara ana raha, sannan ta ci gaba da ɗauka yayin da ruwa ya hau baranda, ya shiga ɗaki, suka haye tsakanin silin da rufi tare da maƙwabtan da suka fake a gidansu, har batirin ya mutu. An ga wani maƙwabci yana amfani da buhun atisayen dambe a matsayin gora yana fito da mutane ɗaya bayan ɗaya. An kuma saka muryoyin waɗanda suka kira lambar agajin gaggawa daga cikin rufin gidajensu, ana gaya musu babu mai zuwa a yanzu.

Masu shirya fim ɗin sun haɗu da ma'auratan ne a wata mafakar ƙungiyar agaji ta Red Cross a garin Alexandria, suka bi su zuwa Memphis, suka dawo da su New Orleans. Gani ya kori ji, kuma abin da wannan fim ya nuna shi ne mutanen da labarai suka kira ɓata-gari su ne suka ceci junansu a lokacin da hukuma ba ta nan. Ya lashe babbar lambar dokumentari ta bikin finafinai na Sundance a 2008, aka kuma sa shi cikin masu takarar Oscar.

Wane gyara finafinan suka yi wa labaran da aka yaɗa a makon farko?

Gyara mai yawa. A kwanakin farko an yi ta yaɗa cewa ana kashe-kashe da fyaɗe a Superdome, cewa ana harbin jirage masu saukar ungulu, har shugaban 'yan sandan birnin da magajin gari suka maimaita wasu daga cikin waɗannan jita-jita a talabijin. Kafin ƙarshen Satumba jaridar birnin, Times-Picayune, ta bincika ta gano cewa yawancinsu ba su faru ba: mutum shida ne suka rasu a cikin Superdome, kuma babu wanda aka kashe a cikinsu. Amma ƙaryar ta riga ta yi aiki, domin tsoro ya jinkirta shigar masu agaji, ya kuma sa jami'an tsaro suka shigo da shirin yaƙi. Shi ya sa ake yawan nuna hoton Janar Russel Honoré, ɗan asalin Louisiana, yana yi wa sojoji tsawa cewa su sauke bakin bindigoginsu daga kan jama'a.

Finafinan suna kuma yawan dawo da wasu hotuna biyu na kamfanonin dillancin labarai: wani matashi baƙar fata yana ratsa ruwa da kayan abinci aka rubuta cewa ya wawaso, wasu farare biyu a irin wannan hali aka rubuta cewa sun samo. Haka nan mutanen suka yi tir da kalmar da ake kiran su da ita, wato refugee, wadda a Turanci ake amfani da ita ga baƙon da ya tsallako daga wata ƙasa. A Hausa ɗan gudun hijira ya haɗa na cikin gida da na waje, don haka zafin ba zai fito mana sosai ba, amma su abin da suka ji shi ne an cire su daga cikin 'yan ƙasa a ranar da suka fi bukatar ƙasarsu.

Mafi muni shi ne abin da 'yan sanda suka yi. Ranar 4 ga Satumba, a kan gadar Danziger, jami'ai suka buɗe wuta a kan mutanen da ba su da makami, suka kashe yaro mai shekara 17 da wani mutum mai shekara 40 da ke da taɓin ƙwaƙwalwa, suka raunata huɗu, sannan suka ƙulla ƙaryar rufe laifin. Shirin Frontline na tashar PBS, tare da kafar binciken labarai ta ProPublica da Times-Picayune, ya fitar da Law & Disorder a 2010 a kan irin waɗannan kashe-kashe. An sami jami'ai biyar da laifi a 2011, aka soke hukuncin a 2013 saboda rashin ɗa'ar masu gabatar da ƙara, suka amsa laifi a 2016 aka rage musu shekaru.

Me aka sani game da yaran da suka tashi da wannan bala'i?

Bayan shekara 17 aka sami wani fim da ya ba su bakin magana, wato Katrina Babies na 2022, wanda Edward Buckles Jr. ya shirya. Yana da shekara 13 lokacin guguwar, daga baya ya koyar a wata makarantar sakandare a birnin. Abin da ya sa shi fara aikin shi ne lura da ya yi cewa babu wanda ya taɓa tambayar sa yadda ya ji, da ya tambayi tsararrakinsa kuma sai ya tarar su ma haka ne. Manya suna fama da neman wurin kwana da takardun inshora, yara kuma aka ɗauka za su manta. A fim ɗin ana ganin magidanta da matan aure suna fara labari da murmushi, muryarsu ta sarƙe a tsakiya, domin wannan ne karon farko da suka furta abin da bakinsu. Inda babu hoto, saboda ruwa ya cinye albam ɗin iyali, Buckles ya cike gurbin da zane.

Yara fiye da 5,000 ne aka ba da rahoton sun rabu da iyayensu a rikicin kwashe mutane, kuma sai a watan Maris na 2006 aka haɗa ta ƙarshe da danginta. Da yawa sun yi watanni ba makaranta, wasu sun sauya makaranta sau da dama a garuruwan da ake yi musu kallon baƙi. Iyalai dubbai sun zauna a ɗakunan tirela da hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta raba, sai a 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta tabbatar da cewa iskar cikinsu tana ɗauke da sinadarin fomaldihaid mai yawa, wanda ke cutar da numfashi: an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wani dogon bincike da ya bi iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi tun kafin guguwar ya gano cewa bayan shekara 12, ɗaya cikin shida a cikinsu tana fama da alamun ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i. Buckles yana danganta tashin hankalin da ake gani a tsakanin matasan birnin da wannan ciwo da ba a yi wa magani ba, kuma ko da mutum bai yarda cewa shi kaɗai ne dalili ba, da wuya ya ce ba ya ciki.

Me ya sa mutane da yawa ba su koma gida ba?

Ƙidayar 2000 ta nuna New Orleans tana da mutum 484,674, ta 2010 ta nuna 343,829, ta 2020 kuma 383,997. Mafi yawan giɓin na baƙar fata ne, waɗanda adadinsu ya ragu da fiye da 100,000 tsakanin ƙidayar farko da ta biyu. Unguwar Lower Ninth Ward ta sauko daga kimanin mutum 14,000 zuwa ƙasa da 3,000. An zuba mutane a motoci da jirage, wasu ba su san inda za a kai su ba sai da suka sauka a Houston ko Atlanta ko Utah, kuma tikitin na tafiya ne kawai.

Fim na biyu na Spike Lee a kan Katrina, If God Is Willing and da Creek Don't Rise, wanda ya fito a 2010, ya bi wannan zare. Shirin tallafin sake gina gidaje mai suna Road Home yana lissafa abin da zai ba mutum ne bisa darajar gidansa a kasuwa kafin guguwar idan ita ce ta fi ƙanƙanta, ba bisa kuɗin gyara ba. Siminti da katako farashinsu ɗaya ne a ko'ina, amma gida a unguwar baƙaƙe ba ya daraja kamar irinsa a unguwar farare, saboda haka mai gida na farko ya karɓi abin da ba zai ishe shi ba. An kai ƙara, aka sasanta a 2011, lokacin da da yawa sun riga sun haƙura. Wata matsalar kuma mai karatu zai gane ta nan take: gidajen gado ne da suka bi hannu daga kaka zuwa jika ba tare da an sauya suna a takarda ba, sai hukuma ta ce a kawo shaidar mallaka.

A Disambar 2007 majalisar birnin ta amince da rushe manyan rukunan gidajen gwamnati guda huɗu, masu ɗauke da gidaje kimanin 4,500, duk da cewa yawancinsu ginin jan bulo ne da ya tsaya. An sallami malamai da ma'aikatan makarantu fiye da 7,000, aka miƙa kusan dukkan makarantun gwamnati ga ƙungiyoyi masu zaman kansu su gudanar, matakin da har yau ake jayayya a kansa, domin sakamakon jarrabawa ya ƙaru amma makarantar unguwa ta ɓace. Asibitin Charity, wanda aka kafa a 1736 kuma shi ne madogarar marasa galihu, ba a sake buɗe shi ba, wanda ya maye gurbinsa sai a 2015 ya fara aiki. Superdome kuwa an gyara shi an buɗe a Satumbar 2006.

Shin baƙar fata kaɗai abin ya shafa?

A'a. Gundumar St. Bernard, wadda yawancin mazaunanta farare ne ma'aikata da masunta, kusan babu ginin da ruwa bai shiga ba a cikinta, kuma a can ne tsofaffi 35 suka nutse a wani gidan kula da gajiyayyu. A gaɓar jihar Mississippi tumbatsar teku ta haura mita 8, ta share garuruwa irin su Waveland da Pass Christian, kuma mutanen can suna ƙorafin cewa kyamarori sun tare a New Orleans sun manta da su. Fim ɗin A Village Called Versailles na 2009 ya ba da labarin 'yan asalin Vietnam da ke gabashin birnin, waɗanda suka dawo da wuri ƙarƙashin jagorancin cocinsu, suka kuma yi zanga-zangar da ta kai ga rufe jujin tarkacen da aka buɗe kusa da gidajensu. Akwai ma Mine, shi ma na 2009, a kan mutanen da aka hana shiga motocin ceto da karnukansu, daga baya suka yi ta rigima da iyalan da suka ɗauki dabbobin a wasu jihohi. Abin zai iya zama baƙo a wajenmu, amma ya isa har majalisa ta yi doka a 2006 cewa tsarin kwashe mutane ya haɗa da dabbobin gida.

Za a iya dogara da waɗannan finafinai a matsayin tarihi?

Za a iya, da sharaɗin mai kallo ya san cewa kowane fim yana da inda ya jingina. Spike Lee bai ɓoye fushinsa da gwamnatin George W. Bush ba, wanda aka ɗauki hotonsa yana leƙen birnin ta tagar jirgi, ya kuma yabi shugaban FEMA, Michael Brown, kwana goma kafin mutumin ya yi murabus. Ray Nagin ya fito a fim na farko a matsayin mai kuka a madadin jama'arsa, amma a 2014 aka yanke masa ɗaurin shekara 10 saboda cin hanci. Shaidar wanda ya kwana uku a kan rufi gaskiya ce game da abin da ya gani, ba lallai ta zama gaskiya game da dalilin faɗuwar katanga ba. Akwai kuma ƙorafin da wasu 'yan birnin ke yi, cewa ana tuna su ne duk lokacin da shekara ta zagayo, a sa su tono ciwo, a tafi da faifai a bar su da shi.

Me sababbin finafinan 2025 suka ƙara?

Cikar shekara 20 ta zo da manyan shirye-shirye biyu. National Geographic ta fitar da Hurricane Katrina: Race Against Time mai kashi biyar, wanda Traci Curry ta ba da umarni, Ryan Coogler kuma yana cikin masu ɗaukar nauyinsa, yana bin kwanakin bala'in daki-daki. Netflix ta fitar da Katrina: Come Hell and High Water mai kashi uku, wanda Geeta Gandbhir da Samantha Knowles da Spike Lee suka raba a tsakaninsu. Abin da nisan lokaci ya ba su shi ne damar tambayar wa aka sake gina birnin dominsa, ganin yadda kuɗin haya da na inshora ke korar tsofaffin mazauna. An kashe kimanin dala biliyan 14.5 wajen sabuwar ganuwa, kuma da guguwar Ida ta zo ranar 29 ga Agustan 2021, daidai ranar da Katrina ta cika shekara 16, ganuwar ta riƙe, sai dai wuta ta ɗauke a birnin baki ɗaya, tsofaffi kuma suka mutu saboda zafi.

Mai kallo daga yankinmu zai ga abin da ya shafe shi?

Ba mu da irin wannan guguwa, amma wanda ya ga yadda madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ba zai bukaci dogon bayani a kan ginin da aka dogara da shi ya ci amana ba. Bidiyon da mutane suka ɗauka da wayoyinsu a ranar irin na Kimberly ne, kuma yana hannun masu shi.

Da wanne ya kamata a fara?

Mai awa ɗaya da rabi ya fara da Trouble the Water. Mai haƙuri ya zauna da When the Levees Broke, ya bi shi da The Big Uneasy don ya fahimci katangun, sannan Katrina Babies. A sani cewa akwai hotunan gawarwaki a yawancinsu, ba na kallo tare da ƙananan yara ba ne.

Mece ce ma'anar alamar X da ake gani a bangon gidaje a kusan kowane fim?

Masu aikin ceto ne suka fesa ta da fenti a kan kowane ginin da suka bincika. A sama ana rubuta ranar da aka zo, a hagu sunan tawagar, a dama haɗarin da aka tarar, kamar yoyon gas ko ruɓaɓɓen bene, a ƙasa kuma adadin mutanen da aka samu a ciki, rayayyu ko matattu. Ba kullum lambar ke zama daidai ba, domin akwai gidajen da aka rubuta sifili a ƙasansu ba tare da an shiga ciki sosai ba, 'ya'ya suka dawo bayan makonni suka tarar da gawar mahaifiyarsu a ƙarƙashin kayan ɗaki. Da aka fara gyara, wasu sun shafe alamar da sabon fenti tun ranar farko, wasu sun yi fenti sun zagaye ta sun bar ta a wurinta, wasu kuma sun sa maƙeri ya ƙera musu irinta da ƙarfe suka kafa a gefen ƙofa.